Begen Tsofaffin Wasannin Bidiyo da Fasahar Hotonsu: Waiwaye daga Kan Iyakar Magama ta Jibiya

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da babbar wayar hannu ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa, an sami wata ɗabi'a a tsakanin samari da magidanta masu shekara talatin zuwa arba'in da 'yan kai, watau komawa ga wasannin bidiyo na zamanin ƙuruciyarsu. Za a iske mutum yana riƙe da wayar da ke iya nuna fim tangaran, amma ya sa mata manhajar da za ta buɗe masa Super Mario Bros. ko Contra ko Mortal Kombat, wasannin da hotonsu bai wuce tarin ɗige-ɗige ba. Da yawa daga cikinsu kuwa, da zarar sun taɓa wasan na 'yan mintoci, sai su ce ai ba haka yake ba a da.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin wannan ƙorafi. Ra'ayinmu shi ne masu ƙorafin suna da gaskiya, ba ruɗin tsufa ne ke damunsu ba. Hoton da suka gani a gidan gem na unguwarsu ba shi ne wayar take nunawa ba, kuma ba daidai yake da wanda yaron Tokyo ko na New York ya gani ba. Ƙarancin ƙarfin injinan farko yana da hannu a cikin wannan hoto, haka ma irin talabijin ɗin da aka haɗa su da shi, haka ma hanyar da kayan suka biyo kafin su iso mu. Mun zaɓi mu tsaya a Magama ta Ƙaramar Hukumar Jibiya a Jihar Katsina, domin a wannan ƙofa ce kuɗi iri biyu da tsarin talabijin iri biyu suka haɗu, kuma duka biyun sun shafi yadda aka yi wasan da yadda aka gan shi.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen wannan yanayi wani ɗalibin likitanci ne mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙiro ta a shekarar 1688, kuma a matsayin ciwo ya ɗauke ta, ciwon da ke kama mutanen Suwizalan idan sun yi nisa da gida. Bahaushe ba ya bukatar aron kalma a nan, domin yana da bege yana da kewa. Abin da za mu ara shi ne rabe-raben da Svetlana Boym ta yi a littafinta na 2001, inda ta bambanta begen mai son a sake gina jiya kamar yadda take, da begen mai tsayawa ya yi tunani a kan abin da ya wuce, yana sane da cewa ba zai dawo ba. Na biyun ne ya fi amfani ga malami. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ba mu yarda wannan karin magana ta hana mu tambayar yadda barar take ba.

2.0 Yadda Injinan Farko Suke Zana Hoto

Asalin waɗannan wasanni ba a gida ake yin su ba. Akwatuna ne masu tsawon mutum da ake ajiyewa a shaguna da wuraren shaƙatawa, a jefa kwabo a yi wasa. Wanda ya fara karɓuwa sosai shi ne Pong na kamfanin Atari a Amurka, a shekarar 1972, kuma dukkan hotonsa sanda biyu ne da ɗigo ɗaya mai kai da kawowa. A 1978 kamfanin Taito na Japan ya fitar da Space Invaders, aikin Tomohiro Nishikado, kuma daga kansa ne ya kamata mu fara lissafi.

Fuskar wannan wasa tana da ɗigo 256 a tsaye da 224 a kwance, watau ɗigo 57,344 ke nan. Kowane ɗigo ko dai yana kunne ko yana kashe, babu launi, saboda haka bit ɗaya ya ishe shi. Idan aka raba wannan adadi gida takwas za a sami bayit 7,168, watau kilobayit 7, alhali kuwa dukkan ma'adanar aiki ta injin kilobayit 8 ce. Ashe ke nan hoto kaɗai ya cinye kashi bakwai cikin takwas na abin da injin yake iya riƙewa. Launin da ake gani a wasu akwatunan ba daga injin yake ba, leda ce mai launi aka manna a jikin gilashi. Har ila yau, saurin da dodannin nan 55 suke ƙarawa yayin da ake kashe su ya samo asali ne daga rauni: idan sun ragu sai aikin zana su ya yi wa injin sauƙi, sai ya riƙa kammalawa da wuri. Mai wasan ya lura da haka ya bar shi, domin ya ga yana ƙara wa wasan armashi.

Kamfanin Atari ya gwada wata hanya dabam a Asteroids na 1979, inda harshen hasken talabijin yake jan layi kai tsaye daga wuri zuwa wuri kamar alƙalami. Layukan suna da kaifi da haske ƙwarai, amma hanyar ba ta daɗe ba, kuma ba ta shafe mu sosai ba.

Hanyar da ta yi nasara, wadda kuma ita ce ta iso ƙasar Hausa, ita ce ta tubali. Maimakon injin ya riƙe kowane ɗigo, sai a raba fuskar talabijin zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 a tsaye da 8 a kwance. A zana 'yan tubala kaɗan a ajiye, kowanne da lambarsa, sa'an nan injin ya riƙe jerin lambobin kawai. Pac-Man na kamfanin Namco, wanda Toru Iwatani ya tsara a 1980, yana da ɗigo 224 a kwance da 288 a tsaye, watau tubali 28 sau 36, jimla 1,008. A kan wannan shimfiɗa sai a ɗora wasu 'yan hotuna masu yawo da kansu, su ne ɗan wasan da abokan gabarsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ko mai saƙar tabarma zai gane wannan dabara nan take. Mai ɗinki ba ya ƙirƙiro sabon zane a kowane taƙi, yana da 'yan zane-zane da ya haddace, yana ƙidaya zare yana maimaita su, yana sauya launi, har hular ta cika. Masu zanen wasannin nan ma a takarda mai gidaje suka riƙa ƙidaya ɗigo.

Wannan ƙunci shi ya haifar da siffofin da ake bege a yau. Shigeru Miyamoto, wanda ya tsara Donkey Kong na kamfanin Nintendo a 1981, ya bayyana cewa ya sa wa ɗan wasansa gashin baki ne domin ɗigon da ke akwai ba zai isa a zana baki ba, ya kuma sa masa hula domin ya huta da zanen gashi. Wannan ɗan wasa shi ne ya zama Mario. A 1983 Nintendo ta fitar da injin gida mai suna Famicom, wanda ya ɗauko dabarar tubali daga shago ya kai ta ɗaki. Fuskarsa ɗigo 256 ce sau 240, watau tubali 960, ma'adanar aikinsa kuwa kilobayit 2 kacal. Kowane ɗan hoto mai yawo launi uku kawai yake iya ɗauka. Injin yana riƙe guda 64, amma ba ya iya nuna fiye da 8 a kan layi ɗaya, shi ya sa idan abokan gaba suka yi yawa a Contra sai a ga suna ƙyaftawa, domin injin yana nuna su ne bi da bi. Dukkan wasan Super Mario Bros. na 1985 kilobayit 40 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, kuma gajimaren da ke samansa da ciyayin da ke ƙasansa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya.

3.0 Magama: Kuɗi Biyu, Talabijin Biyu

Magama ita ce ƙofar Nijeriya a kan hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Jibiya ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya yi bayanin yadda attajiran wannan birni suka bunƙasa ta hanyar shigo da kaya daga tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, su ratsa Nijar da su, sa'an nan su sayar wa 'yan Nijeriya. Taba da atamfa ne suka fi yawa a wancan lokaci, daga baya gwanjo da shinkafa da tsofaffin motoci suka biyo. An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufe ta a 2019 ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka kuma rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa 2024. Amma mutanen ɓangarorin biyu dangi ne, harshensu ɗaya, kasuwar Jibiya kuwa tasu ce duka, saboda haka ƙananan kayan lantarki irin su rediyo da rakoda da talabijin sun daɗe suna kai da kawowa. Ba ta nan kaɗai injinan wasa suka shigo Arewa ba, akwai hanyar kasuwar Alaba ta Legas zuwa Sabon Garin Kano, akwai kuma tsarabar alhazai da fataken Dubai. Abin da ya sa Magama ta zama abin misali shi ne bambancin da ke tsakanin hagunta da damanta.

Mu fara da kuɗi. Akwatin wasa na asali an gina shi ne a kan kwabo, kuma duk tsarin wasan, da wahalarsa da gajartar ran ɗan wasa, an yi su ne domin a sake jefa wani kwabon. A Nijeriya kuwa, bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta yi ta faɗuwa har kuɗin ƙarfe suka zama abin da ba ya sayen komai. An buga sulallan kwabo 50 da naira 1 a 1991, an sake buga wasu a 2007, amma ba su zauna a hannun jama'a ba. A ɗaya ɓangaren, sefa ta ƙarfe ta ci gaba da aiki ko bayan karya darajarta da rabi a Janairun 1994, mutum yana iya ƙirga dala biyar ko dala ashirin a tafin hannunsa. Wannan, haɗe da tsadar akwatin da nauyinsa da rashin tsayayyar wutar NEPA, shi ya sa akwati mai cin kwabo bai yi saiwa a garuruwanmu ba. Abin da ya maye gurbinsa shi ne gidan gem: shago ko zaure, da benci, da talabijin ɗaya ko biyu, da injin da aka ƙera domin ɗakin yara a Japan amma aka mai da shi na haya. Maimakon ramin kwabo sai aka sami mai shago yana karɓar kuɗin takarda, ko a biya na lokaci ko na wasa ɗaya, kuma a wasannin mutum biyu aka saba da ƙa'idar wanda aka ci shi ke biya. A ganinmu wannan ƙa'ida ta fi ramin kwabo zafi, domin inji ba ya yi wa mutum dariya.

Yawancin injinan farko da suka iso mu ma ba na Nintendo ba ne. Kwaikwayon Famicom ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, irin waɗanda suka cika kasuwannin Rasha da Gabashin Turai da Kudancin Amurka a shekarun 1990. Suna zuwa da kaset mai launin rawaya wanda aka rubuta wa cewa yana ɗauke da wasanni dubbai, alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa da sauya suna ko matakin farawa. Daga baya har aka yi masu siffar PlayStation, ciki kuwa tsohon injin 1983 ne. Launin waɗannan kwaikwayo da sautinsu sukan ɗan saɓa wa na asali, to amma wa ya san na asalin balle ya kwatanta?

Sai batun talabijin, wanda shi ne ya fi muhimmanci. Duniya ta rabu uku a zamanin talabijin na da. Amurka da Japan suna kan tsarin NTSC mai layi 525, yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Nijeriya ta bi Ingila da Jamus a kan PAL mai layi 625 da sabuntawa sau 50. Nijar kuwa ta bi Faransa a kan SECAM, wanda layukansa da saurinsa daidai suke da na PAL, amma hanyar aika launinsa dabam ce, haka kuma tazarar da ke tsakanin zangon hoto da na sauti ba ɗaya ba ce. Ma'anar wannan ita ce, idan aka haɗa injin PAL da talabijin da SECAM kaɗai ya sani, hoton zai fito baƙi da fari, idan kuma ta ramin eriya aka haɗa, sautin ma yana iya zama shuu. Idan injin na Japan ne aka haɗa da tsohon talabijin na PAL, launi zai ɓace, wani lokaci hoton ya riƙa birgima. Ga kuma wutar Japan mai ƙarfin 100 da ta Amurka mai 120, alhali tamu ta haura 220, wanda ya sa duk injin gwanjon da aka cusa wa soket ba tare da na'urar rage wuta ba sai hayaƙi. Talabijin mai karɓar kowane tsari ne ya zo ya raba wannan gardama, kuma ba abin mamaki ba ne a ce mutanen kan iyaka, masu kama tashoshin ƙasashe biyu, sun fi kowa sanin darajarsa.

Akwai wani sakamako da ba kowa ya lura da shi ba. Yawancin wasannin nan suna ƙidaya lokaci ne da sabuntawar hoto. Wasan da aka rubuta domin sau 60, idan aka sa shi a injin sau 50 ba tare da gyara ba, zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida. Sonic the Hedgehog na 1991 sanannen misali ne: a injin Turai gudunsa da kiɗansa duk sun fi na Japan nauyi, ga kuma baƙin fili a sama da ƙasan hoton, domin layukan PAL sun fi abin da wasan ya tanada yawa. To, manhajojin waya galibi na Amurka ko na Japan suke buɗewa. Wanda ya girma da injin PAL, idan ya ce yana jin wasan ya yi masa sauri a yau, ba yatsunsa ne kawai suka tsufa ba.

Brian Larkin, wanda ya yi nazarin kafofin sadarwa a Kano, ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008 cewa kaset ɗin bidiyo da aka yi ta kwafa daga kwafi ya saba wa masu kallo da hoto mai dishi-dishi da sauti mai ƙara, har wannan ya zama wani ɓangare na yadda suka san fim. Muna ganin maganarsa ta hau kan gidan gem daidai.

4.0 Daga Sega zuwa Ƙwallon Babangida

Injin Mega Drive na kamfanin Sega, wanda ya fito a Japan a 1988 ya kuma isa Turai a 1990, shi ne ya kawo mana ɗanɗanon akwatin shago na gaske. Yana da ɗigo 320 sau 224, yana nuna launi kusan 64 a lokaci ɗaya daga cikin 512. Ta kansa ne yawancinmu muka san Street Fighter II na Capcom, wanda asalinsa wasan akwati ne na 1991, da Mortal Kombat na Midway na 1992. Na biyun ya bambanta da saura domin ba zana mayaƙansa aka yi ba, mutane ne na gaske aka ɗauka da kyamara suna naushi da shuri, sa'an nan aka mai da hotunan ɗige-ɗige. Jinin da ke cikinsa ya kai ga zaman sauraron bahasi a Majalisar Dattawan Amurka a 1993, aka kuma kafa hukumar tantance wasanni a 1994. A wurinmu kuwa ya faɗa hannun yaran da suka riga suka ƙoshi da finafinan Caina a gidajen kallo, saboda haka ba sai an yi musu bayani ba. Iyaye da malaman makaranta sun yi ƙorafi, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba, domin kuɗin tara da na cefane da lokacin makarantar allo da yawa sun ƙare a kan bencin nan.

PlayStation na kamfanin Sony, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 1994, ya watsar da tubali ya koma gina siffofi da ƙananan alwatika masu kusurwa uku, ana shafa musu hoto a jiki. Injin ba ya lissafin rabin ɗigo, kuma ba ya gyara shafen daidai da nisa, shi ya sa bango da fili suke 'yar rawa idan kyamara ta motsa. Faifansa yana da sauƙin kwafa, wannan ya sa wasa ya yi arha. Wanda ya mamaye gidajen gem shi ne Winning Eleven na kamfanin Konami, sau da yawa ma da rubutun Japananci da muryar mai sharhi Jon Kabira. Yaran da ba su iya karanta harafi ɗaya na wannan rubutu ba sun haddace inda kowane umurni yake, suna canza 'yan wasa suna tsara fili ba tare da kuskure ba, abin da ya kamata masu nazarin koyo da koyarwa su tsaya su duba. A cikin wannan wasa ne kuma ɗan Arewa ya fara ganin nasa: Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya ci zinare da Nijeriya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya kuma koma ƙungiyar Ajax a wannan shekara. An ba shi gudun da ya sa sunansa ya shahara a wurin masu wannan wasa har a ƙasashen da ba su taɓa ganin ƙwallonsa ba. Siffarsa a talabijin 'yan alwatika ce marasa fuska, amma babu wanda ya taɓa shakkar ko wane ne.

5.0 Talabijin Mai Doro da Abin da ke Salwanta

Mun bar muhimmin abu zuwa nan da gangan. Dukkan injinan da muka ambata an yi su ne domin talabijin mai doro, wanda a cikinsa wani siririn harshen lantarki yake share gilashi layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, yana haska hodar da aka shafa a ciki. Ɗigon wannan talabijin ba murabba'i ba ne mai kaifin gefe, haske ne mai ɗan yaɗuwa yana shiga maƙwabcinsa. Kuma da yake injinan wasa suna zana rabin layukan ne kawai a wuri ɗaya, akan sami siririn duhu tsakanin layi da layi, wanda ke tausasa hoton. Masu zane sun san da haka, sun kuma yi aiki da shi. Idan suna son launin da injin ba shi da shi, sai su jera ɗigo biyu masu launi dabam-dabam kusa da juna, wayar haɗi da gilashin su gauraya su. Ruwan da ke zubowa daga dutse a Sonic layuka ne a tsaye, ɗaya da launi ɗaya babu, amma a talabijin mai doro sai ya zama ruwa garai-garai ana hango abin da ke bayansa. A fuskar waya ko talabijin na bango, layukan ne za a gani tsirara, kamar an juya hula an duba bayan ɗinki.

Manhajojin kwaikwayo sun yi babban aiki. Shirin MAME, wanda Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara a 1997, ya adana dubban wasannin akwati da da sun ɓace. Amma abin da ya adana shi ne abin da ke cikin injin. Gilashin ba ya kwafuwa, kuma an daina ƙera shi. Sony ta rufe aikin Trinitron nata a 2008. Waɗanda suka rage a garuruwanmu suna ƙarewa ne a hannun 'yan gwangwan, a fasa su a cire tagullar da ke naɗe a wuyansu, a watsar da gilashin, wanda kuwa yana ɗauke da dalma mai cutarwa. Masu gyaran rediyo da talabijin da suka san yadda ake sauya wa inji tsarin launi ko a ɗaura masa na'urar rage wuta suna tsufa, yaransu sun koma gyaran waya. Gidan gem bai mutu ba, yana nan da sababbin injina da talabijin na bango, amma bambancin PAL da SECAM ba ya nufin komai ga yaron da ke zaune a cikinsa yau.

A matsayinmu na masu horar da malamai, hasarar ta shafe mu ta fuska biyu. Littattafan koyar da kwamfuta da ɗalibanmu ke karantawa suna ba da tarihin na'ura kamar a Amurka da Ingila kaɗai aka taɓa ta, alhali dubban 'yan Arewa sun fara taɓa na'ura mai ƙwaƙwalwa ne a kan bencin gidan gem, shekaru kafin su ga kwamfuta a makaranta. Sa'an nan tsofaffin injinan nan kayan koyarwa ne da ba su da na biyu, domin ƙanƙantarsu ta sa ana iya lissafa su da alli. Ɗalibin da aka ce masa bayit ɗaya ba ya wuce 255 zai haddace ya manta. Amma a nuna masa yadda rabin fuskar Pac-Man yake hargitsewa a mataki na 256 saboda ma'ajin lambar matakin ya cika ya koma sifili, ba zai manta ba. A ba shi takarda mai gidaje 8 sau 8 a ce ya zana dagin Arewa ko zanen hula da launi uku, sa'an nan ya mai da shi lambobi, ya koyi lissafin gida biyu da Hausa ba tare da an kunna wuta ba.

Saboda haka muna ganin ya dace sassan kimiyyar kwamfuta da na Hausa a kwalejojin ilimi irin su ta Tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su tattara abin da ya rage tun yana samuwa a kasuwannin gwanjo na Jibiya da Katsina da Maraɗi, a kuma naɗi bayanin tsofaffin masu shago da masu gyara, da sunayen da yara suka laƙaba wa wasanni da 'yan wasa. Sai dai a kula, kada a ɗauki injin a bar talabijin. Bindigar roba ta wasan harbin agwagwa, Duck Hunt na 1984, wadda ke zuwa a kwalin yawancin injinan kwaikwayo, ba ta harba komai, ido ne da ita mai jin haske. Idan aka ja kunamarta sai fuskar talabijin ta yi baƙi na ƙyaftawa ɗaya, sa'an nan farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwar take, idon ya duba ko ya ga fari a daidai wannan lokaci. Talabijin na bango yana ɗan jinkiri kafin ya nuna abin da aka aiko masa, saboda haka lokacin da farin zai fito bindigar ta riga ta gama dubawa, kuma ko an ɗora bakinta a jikin agwagwar ba za ta faɗo ba.